Sabon jerin bugun waƙoƙin Sa'adu Zungur: wanda aka gani da wanda aka ce

Mai Jeri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na sake ɗora jerin nan na abubuwan da aka buga na Malam Sa'adu Zungur, karo na uku ke nan. Wanda ya sauke na bara don Allah ya goge shi, akwai kurakurai a ciki, kuma nawa ne ba na kowa ba.

Wannan karon na raba shi gida uku. Gida na farko shi ne ɗan littafin nan Waƙoƙin Sa'adu Zungur, tun daga fitowarsa a Zariya zamanin NORLA, hukumar buga littattafai ta Arewa, a shekarun 1950, har zuwa sake buga shi da NNPC ta riƙa yi daga baya. Gida na biyu littattafan da wasu suka tattara rubutunsa a ciki, kamar na Dandatti Abdulƙadir na 1974, wanda ya kawo waƙoƙin da fassararsu ta Turanci, da na A. M. Yakubu na 1999 da aka buga a Kaduna. Gida na uku abin da aka rubuta a kansa, kuma a nan na sa Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur na Malam Aminu Kano, 1973.

Babban canjin shi ne tauraron da za ku gani a gaban wasu layuka. Duk mai tauraro, ko ni na riƙe shi da hannuna, ko wani a zauren nan ya turo min hoton bangonsa da shafin da ke bayan sunan littafi. Wanda babu tauraro, ji na yi kawai. Kuma na cire bugu biyu gaba ɗaya. Na bi sawunsu wata da watanni, sai na tarar kowa daga manazartar wani kundin digiri ya kwafo, shi ma mai kundin daga wani kundin. Ɗaya ma da alama mai tafireta ne ya juya lambobi biyu na ƙarshen shekara, shi ke nan aka haifi bugun da babu shi a duniya, ɗalibai suna ta gadonsa.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Malam. Amma a yi min afuwa, NNPC kuma? Me ya haɗa masu man fetur da waƙa?

Na Samaru: Auta ka ba ni dariya. Ba ta fetur ba ce, kamfanin buga littattafai ne na Arewa da ke Zariya, an kafa shi a 1966, haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan. Ya girmi ta man fetur ɗin a wannan suna. Duk littafin Hausa da iyayenka suka karanta a firamare, da wuya ka duba bayansa ba ka ga tambarinsa ba.

Ɗan Kurmi: Malam Mai Jeri sannu da aiki. Ni dai ƙorafina ɗaya ne, kuma tun bara nake yin sa. Jeri ba farashi, ina amfaninsa ga irinmu? Mutum ya zo rumfa da tsohon littafi a buhu, ni ban san me zan taya ba, shi bai san me zai sallama ba. Ko kusa-kusa ne a sa mana.

Mai Jeri: Alhaji, farashi ba zai shiga ba. Ranar da na rubuta cewa bugu kaza ya kai kaza, washegari duk wanda ke ɗakin karatun wata makaranta zai yi ƙafa. Mun ga haka a kan wasu littattafan.

Malama Mai Nazari: Na goyi bayan hana farashi. Amma Malam ina da magana a kan gida na farko. Ka jera komai da sunan "bugu", bugu na kaza, bugu na kaza, alhali abu biyu ne kalmar ta haɗe mana. Akwai a sake ɗaukar littafi yadda yake a mayar da shi inji don kwafi sun ƙare a kasuwa, ba a taɓa ko wasali ɗaya ba. Akwai kuma a sake tsara haruffa daga farko, a gyara rubutu, wani lokaci a ƙara ko a rage. Na farkon mai tara littattafai ne kawai ya damu da shi. Na biyun shi ne ke hana mu barci, mu masu nazari, domin a nan ne kalma ke canzawa, kuma a waƙa in gaɓa ɗaya ta canza, kari ya karye. Ina ba da shawara a ce wa ɗaya "maimaici", ɗayan "sabon tsari", ko wani suna da zaure ya yarda da shi.

Mai Jeri: Gaskiyarki Malama. Matsalar ita ce ba za a gane ba sai an ajiye kwafi biyu gefe da gefe an bi su layi-layi. Ni kuwa biyu gare ni, kuma duka na NNPC ne.

Malama Mai Nazari: Ba sai an bi duka ba da farko. A duba inda kowane shafi ya ƙare. In baitin ƙarshe na shafi na goma iri ɗaya ne a kwafin biyu, haka na sha biyar, haka na ashirin, to galibi maimaici ne. Sannan a nemi harafin da ya fashe ko ya dushe. Harafin da ya samu rauni a inji yakan bi littafi shekara da shekaru, kamar tabon shasshawa.

Baba Tsohon Hedimasta: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, idon ya yi rauni. Na ji ana maganar kwafin da ya girmi na NNPC. Ina da ɗaya a adakata a nan Bauchi, amma ba shi da bango, gaba da baya duk sun tafi, haka na gaje shi. Na yayana ne, Allah ya ji ƙansa. Takardar ta koma ja kamar an jiƙa ta a ruwan shayi, ƙarfe biyun da aka ɗinke tsakiyarsa da su sun yi tsatsa har sun ci takardar, sai na sa zare na sake ɗinke shi. Gara ta ɗan taɓa gindin shafukan farko amma ba ta kai ga rubutu ba. A ciki na haddace Maraba da Soja, muna rera ta a aji, ba mu ma san Bama ɗin da sojojin suka dawo daga gare ta tana wace nahiya ba.

Mai Jeri: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan ai babban labari ne. Baba, ko akwai wani rubutun hannu a jikinsa? Suna, ko hatimin makaranta, ko kwanan wata?

Baba Tsohon Hedimasta: Akwai hatimin makarantar En'e a shafin farko, ya dushe. A ƙasansa marigayin ya rubuta sunansa da tawada shuɗiya, ya sa 1961.

Na Samaru: To ai magana ta ƙare. NNPC 1966, wannan 1961. Na NORLA ne, a sa masa tauraro.

Malama Mai Nazari: A'a Malam, a yi a hankali. Abin da 1961 ta tabbatar shi ne littafin ya riga NNPC, shi ke nan. NORLA ta rufe a 1959, kuma tsakanin rufewarta da kafa NNPC Kamfanin Gaskiya ya ci gaba da fitar da littattafan da ya gada daga gare ta. Saboda haka kwafin Baba zai iya zama na NORLA, zai iya zama na wannan tsakanin. Tunda bango ya tafi da sunan maɗaba'a, abin da za a rubuta shi ne "kafin ƙarshen 1961, bisa shaidar rubutun mai shi". In muka rubuta NORLA yau, bayan shekara biyar za mu gan shi a kundin wani ɗalibi a matsayin tabbas, mu ne kuma muka haifi irin abin da Malam ya gama sharewa.

Na Samaru: Na karɓi gyara. Amma Malama ke ma kin san zuciya ta fi karkata ga NORLA.

Malama Mai Nazari: Tawa ma can ta karkata. Ba dai a sa wa zuciya tauraro.

Ɗan Kurmi: To tunda ana fito da kaya, ni ma ina da nawa, kuma da bangonsa lafiya lau. Wanda ya sayar min ya rantse bugun farko ne, tun Malam Sa'adu na da rai. Ga hoton bayansa nan na turo.

Bazazzagi: Alhaji, duba ƙasan bangon daga hagu. Me aka rubuta a wajen farashi?

Ɗan Kurmi: Lamba ce da ƙaramin k a gabanta.

Bazazzagi: To Allah ya mayar da alheri. Wannan k ɗin kobon naira ne, naira kuwa ranar 1 ga Janairu 1973 ta fara aiki. Malam Sa'adu ya rasu a Janairun 1958. Shekara goma sha biyar yana kabari kafin a buga wannan farashi. Littafin da ya fito yana raye, da sule da sisi da taro za ka ga kuɗinsa, sule a rubuta 1/-, sisi 6d, taro 3d. Ga kuma lambar nan ta littattafai ta duniya a saman farashin, mai farawa da 978, ita ma ba a san ta ba a zamanin NORLA.

Ɗan Kurmi: Innalillahi. Wallahi kuɗin da na ba shi ya isa buhun masara.

Bazazzagi: Sai dai a lura da abu guda kafin kowa ya je ya zubar da nasa. Lokacin canjin kuɗi, masu kantin littattafai da yawa ba su jefar da tsohon kaya ba, 'yar takarda suka riƙa mannawa a kan tsohon farashi, ko su buga hatimi, sule ɗaya ya koma kobo goma. Na taɓa ɗaga irin wannan 'yar takarda da tururin buta a wani littafin daban, sai ga sule a ƙarƙashi. Alhaji shafa da yatsa ka ji, manne yake ko a jikin bangon aka buga?

Ɗan Kurmi: Sumul yake. A jiki yake.

Bazazzagi: To sai haƙuri.

Mai Jeri: Alhaji kada ka damu, asararka ribar zaure ce. Ba ni da wannan a jeri da tauraro. Turo min shafin da ke bayan sunan littafi, inda suke jera shekarun da aka sake bugawa. Wannan shafin ya fi bango daraja a wurina.

Autan Zaure: Ni tambayata daban ce. Mutumin da ake ta faɗa haka, har jami'ar jihar Bauchi ta Gaɗau aka sa wa sunansa, a ce ɗan siririn littafi guda ne nasa? Ina sauran?

Na Samaru: Auta, ai ba zaman rubuta littafi ya yi ba. Duba rayuwar tasa: Kwalejin Katsina, sannan Kwalejin Yaba a Legas a lokacin da ɗan Arewa bai saba zuwa can ba, ya dawo ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, ya koma Bauchi suka kafa zauren tattaunawa da su Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sake komawa Legas ya yi sakataren jam'iyyar NCNC tare da Azikiwe, ya dawo ya zama ƙashin bayan masu ra'ayin NEPU. Duk wannan da ciwo a jikinsa, kuma bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba ya rasu. Yawancin abin da ya rubuta wasiƙu ne da takardun siyasa da rubutun jarida. Shi ya sa aikin A. M. Yakubu yake da muhimmanci, don irin waɗannan ya bi ya tattaro. Af, shi ne fa Farfesa Mahmood Yakubu da ya zo ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2015 zuwa 2025. Kafin zaɓe malamin tarihi ne.

Autan Zaure: Kai! Wallahi ban taɓa haɗa su ba.

Na Samaru: Kuma wannan ne ya kawo ni ga nawa ƙorafin. Malam Mai Jeri, jerinka na littattafai ne zalla. Mutumin da rayuwarsa ta rubutu ta fi yawa a jarida, a ce babu gidan jarida a jerinsa? Gaskiya Ta Fi Kwabo tun Janairun 1939 take fitowa, West African Pilot ta Azikiwe kuma ya yi rubutu a cikinta. In ana son a san yadda wata magana tasa ta fara fita duniya, can za a nema, ba a littafin da ya zo daga baya ba.

Mai Jeri: Ban ƙi ba, amma wa zai yi? Wannan aikin zama ne a Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ana buɗa jarida shafi-shafi, shekara wajen ashirin. Na taɓa gwadawa a wani ɗakin karatu da ba zan ambata ba. Na yi kwana uku ina jiran mai mabuɗi, da aka buɗe sai na tarar ɗaurin shekarar da nake nema an yanke shafuka da reza, wani ya riga ni, ya ga yankewa ta fi kwafewa sauƙi. Tun ranar gwiwata ta yi sanyi. In akwai mai ƙarfin zuciya, na buɗe masa gida na huɗu da sunansa a kai.

Na Samaru: Zan ɗauki 1945 zuwa 1947, tunda nan ne lokacin dawowar soja. Ban yi alkawarin wata ba, amma zan fara.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Daga wannan gefen iyaka nake bin ku. Wani abu da zai taimaki masu nema a intanet: kada ku tsaya ga rubutu ɗaya. Manyan ɗakunan karatu na waje da yawa sun shigar da sunan ba ƙugiya, Wakokin maimakon Waƙoƙin. Sunansa ma wani wuri Sa'adu, wani Saadu, wani Sa'ad, wani kuma a fara da Ahmad Mahmud. Na sha neman littafin Zariya na ce babu, ashe ƙugiyar ƙ ce ta ɓoye min shi. Littattafan Zariya sun shigo mana nan da yawa ta hannun 'yan kasuwa da almajirai, zan tambayi tsofaffin malamai ko wani ya ajiye.

Mai Jeri: Madalla, zan sa wannan a gabatarwa. Haka ma shekarar haihuwarsa, wasu na rubuta 1914 wasu 1915, kuma katin ɗakin karatu yakan bi wanda ya samu. Duka biyun na bari a jeri, kowace da inda na gan ta.

Bazazzagi: Wata tambaya. Arewa Jumhuriya Kawai ta Mudi Sipikin fa? Amsa ce ga waƙar Malam Sa'adu, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Wanda ya karanta ɗaya bai karanta ɗayar ba, rabin muhawara ya ji. Ni a ganina ta cancanci shiga.

Malama Mai Nazari: In ta shiga, ƙofa ta buɗe ke nan. Gobe wani zai kawo duk waƙar da aka yi da amsa-amon "ya" ya ce koyi ce da Malam Sa'adu. Jerin mutum ɗaya ake yi, ba tarihin waƙar siyasa ba.

Bazazzagi: Malama ai wannan ba koyi ba ne, martani ne kai tsaye, sunan ma ya faɗa. Shi yana auna wa Arewa tsakanin sarauta da jumhuriya, wancan ya ce babu wani aune-aune.

Malama Mai Nazari: Ban musa ba. To a sa ta a gida na uku, cikin abin da aka rubuta a kansa, da 'yar alama cewa waƙa ce. Amma kada ta hau layi ɗaya da nasa.

Baba Tsohon Hedimasta: 'Yata ta yi daidai. A zamaninmu ma an sha rikita su. Yaro ya haddace baitin wannan ya jingina wa wancan, malami bai duba ba ya ba shi maki.

Autan Zaure: To don Allah tunda abin yana wuyar samu haka, me zai hana a ɗauki hoton na Baba duka a watsa kowa ya samu? Mu matasa ba mu da kuɗin buhun masara.

Ɗan Kurmi: Auta ka taɓa min ciwo.

Malama Mai Nazari: Akwai haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya tana kare rubutun marubuci shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ya rasu 1958, ka ga sai 2028 ta ƙare. Saura ƙiris, amma da saura. Fassarar Dandatti da bayanansa kuwa lissafinsu daban ne, kada a haɗa. Ɗaukar hoto don adanawa da kwatanta bugu wani abu ne, watsawa a kowane zaure wani abu ne.

Mai Jeri: Ni abin da ya fi damuna ma ba watsawa ba ne. Kwafi ɗaya ne, a adaka ɗaya, kuma gara ta riga ta san hanya. Baba, in ka yarda, a ɗauki hotonsa shafi-shafi a ajiye wuri biyu ko uku. Kada a danna shi a injin fotokwafi, takardar da ta yi ja haka karyewa take yi kamar ƙosan rogo in aka matsa tsakiyarta. Waya ta isa, a shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle a inuwa da hantsi, a sa ruler a gefe don a san tsawo da faɗi.

Baba Tsohon Hedimasta: Na yarda ɗana, amma da sharaɗi. Ba zai bar gidan nan ba. Na taɓa ba wani mai bincike aron littafi, ya ce sati biyu, yau shekara goma sha ɗaya, har ya zama babban mutum ina ganinsa a talabijin. Wanda zai ɗauka ya zo zaure ya zauna, a dama masa fura, ya gama ya miƙo min kayana.

Mai Jeri: Sharaɗi ya karɓu Baba. Wa ke kusa da Bauchi?

Autan Zaure: Ni ina Jos, Asabar ba ni da lacca. Amma wayata kyamararta ta tsage.

Malama Mai Nazari: Zo ka karɓi tawa ranar Juma'a, ina garin. Ka fara da shafin hatimin, ka ɗauke shi sau uku, ɗaya da haske daga gefe ko sunan makarantar zai fito. Kuma ka ƙirga shafukan da bakinka kafin ka fara, ka rubuta a takarda.

Ɗan Kurmi: Ga shafin shekarun nan na turo, Malam. A rubuta cewa daga rumfata ya fito, ko banza na rage zafi.

Mai Jeri: Ya iso Alhaji, amma yatsanka ya rufe layin ƙarshe. Sake ɗauka.